Mu uku ne kacal, monolit za mu yi ko maikrosabis?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, mu uku ne a Samaru muna haɗa manhajar odar abinci saboda ɗaliban ABU, to wani abokinmu ya kafe wai dole sai maikrosabis don shi Netflix ke yi. Ya ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ku yi monolit abinku, kar ku tsaya ja-in-ja.

Monolit kamar gandu ne, gida ɗaya tukunya ɗaya, rajista da oda da biyan kuɗi duk a kod ɗaya da databes ɗaya (rumbun ajiye bayanai), ka ɗora a saba ɗaya (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta) shi ke nan. Maikrosabis kuwa an raba gandu, kowane sashe da gidansa da rumbunsa, in za su yi magana sai ta netwok. To a nan matsalar take. A monolit in kwastoma ya biya, cire kuɗi da rubuta oda a tiransakshan ɗaya ake yi, ko su shiga tare ko su faɗi tare, amma da ka raba su sai sashen biya ya ce an gama, saƙon ya maƙale a hanya, sashen oda bai ma san an yi ba, yarinya na hostel tana jiran shinkafa an riga an zare mata kuɗi, irin dai abin da POS ke mana a kasuwar Sabon Gari. Kuma ranar da abu ya lalace sai kun bi log (rubutaccen bayanin abin da ya faru) na sassa biyar kafin ku gane ina ne, ga koyon Docker da Kubernetes, kayan aikin ɗora sassan da kula da su, ga kuɗin saba da dala ake biya, ku da ko kwastoma ɗari ba ku tara ba tukuna.

Shi abokin naku ya sani Netflix ma da monolit suka fara? Sai da databes ɗinsu ya lalace a 2008 har suka yi kwana uku ba su tura wa kwastomominsu faifan DVD ba sannan suka fara rarraba tsarin suna ƙaura zuwa AWS, sabobin haya na Amazon, ba su gama ba sai 2016, su da injiniyoyi birjik. Shopify, dandalin buɗe shago a intanet, da duk girmansa, ginshiƙinsa monolit ne da aka gina da kayan rubuta kod na Ruby on Rails. A 2023 ma wata tawagar Prime Video ta Amazon ta ce ta haɗe sassan wani tsarinta na sa ido kan ingancin bidiyo wuri guda, kuɗin gudanarwa ya ragu da kashi 90 cikin ɗari.

Abin da zan roƙe ku shi ne ku tsaftace cikin gida, oda da modul ɗinta (wato ɗakinta a cikin kod), biya da nasa, kar wani ya riƙa zura hannu a teburin bayanan wani na databes kai tsaye. Ranar da kuka yi yawa har kuna taka ƙafar juna wajen ɗora sabon kod, ko sashen bibiyar 'yan acaɓa masu kai saƙo ya fara danne sauran, sai ku cire shi kaɗai ku ba shi sabarsa.