Tambayoyinku kan fasaha: yadda zanen sauti zai cika fuskar kwamfuta

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan abu ɗaya: launukan nan da layukan da ke rawa a fuskar kwamfuta ko waya suna bin kiɗa, waɗanda manhajojin sauraron sauti ke nunawa. Kowa dai so yake su cika fuskar baki ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon caji da tura waƙoƙi a Zariya. A tsohuwar kwamfutata mai Windows 7, in na kunna waƙa sai launuka su cika fuskar suna bin kiɗan, har yara su yi cirko-cirko a bakin shago. Yanzu na sayi mai Windows 11, na duba ko'ina ban ga abin ba. Cire shi aka yi, ko kwamfutar ce ba ta da ƙarfi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Manhajoji biyu ne masu suna kusan iri ɗaya suka rikita ka. Wadda ke buɗe maka waƙa yanzu sunanta Media Player, kamfanin Microsoft ya fito da ita a 2022 ta maye gurbin Groove Music, kuma ba ta da zanen sauti sam. Ko ka kwana kana dubawa ba za ka same shi a cikinta ba. Wadda ka saba da ita kuwa ita ce Windows Media Player 12, wadda ta zo tare da Windows 7 a 2009. Tana nan ba ta mutu ba, suna kawai aka ƙara mata, yanzu ana ce mata Windows Media Player Legacy.

Danna Start ka rubuta wannan suna. In ta fito, shi ke nan. In ba ta fito ba, shiga Settings ka nemi Optional features, ka ƙara ta daga can. Wannan yana buƙatar intanet, don haka ka tanadi data.

In ka buɗe ta ka kunna waƙa, za ka tarar da kanka a ɗakin jerin waƙoƙi, kuma a nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, domin zanen ba ya fitowa a wannan ɗaki. Danna Ctrl da 3 tare, za ta koma ƙaramar tagar da ake kira Now Playing. Kai linzami tsakiyar tagar, ka danna maɓallinsa na dama, ka zaɓi Visualizations. Za ka ga Album Art, Alchemy, Bars and Waves da Battery. Zaɓi ɗaya daga cikin ukun ƙarshe. Da zarar launuka sun fara motsi, danna Alt da Enter tare. Fuska za ta cika. In za ka fita, Esc.

Abubuwa biyu ne ke hana wannan aiki. Na farko, a bar zaɓin a kan Album Art, wato hoton bangon waƙa. Wannan hoto ne a tsaye, ba zane mai motsi ba, shi ya sa za ka yi ta danna Alt da Enter ba abin da ya faru. Na biyu, waƙar ba ta tafiya. Sai sauti na fita manhajar ke da abin da za ta zana. Akwai kuma masu danna ɗan akwatin nan na saman taga ta hannun dama, kusa da alamar rufewa, su ce sun cika fuska. Wannan faɗaɗa taga kawai yake yi, sandar ƙasa da kan tagar duk suna nan.

Tunda shago ne kuma kullum za ka riƙa kunnawa, danna dama a kan kowace waƙa, ka zaɓi Open with, sannan Choose another app, ka nuna tsohuwar manhajar ka ce ita za ta riƙa buɗewa koyaushe. Ni a ganina Alchemy ya fi jan ido daga nesa, amma Bars and Waves ya fi nuna bugun ganga sosai, musamman wanda ake kira Fire Storm a cikinsa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Maraɗi, da VLC nake sauraron komai. Na samu zanen ya fito, amma in na danna F11 sai manhajar ta faɗaɗa da maɓallanta a ƙasa. Kuma duk lokacin da na rufe na sake buɗewa, sai na sake nemo zanen daga farko.

Amsa: 'Yar'uwa, kin kusa. A VLC, F11 jikin manhajar yake faɗaɗawa. Abin da kike nema harafin F ne shi kaɗai, ko ki danna linzami sau biyu a kan zanen. Ga wanda bai kai inda kika kai ba: a kunna sauti, a shiga Audio, sannan Visualizations, a zaɓi Spectrometer, Scope, Spectrum ko Goom.

Maganar mantuwa kuma, zaɓin da aka yi ta wannan hanya na wucin gadi ne. Shiga Tools, sannan Preferences, ki danna Audio. A ƙasa za ki ga gurbin Visualization. Zaɓi wanda kike so, ki danna Save, ki rufe VLC ki sake buɗewa. In kika ga baƙin fili a gefe da gefe bayan fuska ta cika, ki riƙa danna harafin A har ya kai 16:9, wanda shi ne tsarin yawancin fuskokin laftof na yanzu.

Gaskiya dai, ƙungiyar VideoLAN ta Faransa da ke yin VLC ta ƙware wajen buɗe kowane irin fayil, amma zanenta ba wani abin a zo a gani ba ne. In zane mai ƙayatarwa kike so, karanta amsar da ke biye.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina sa kiɗa a wuraren biki a Kaduna. Na haɗa laftof da babbar talabijin ta wayar HDMI. So nake zanen ya cika talabijin, ni kuma in ci gaba da zaɓar waƙoƙi a laftof ba tare da jama'a sun ga abin da nake yi ba.

Amsa: Allah ya ba da kasuwa. Danna maɓallin Windows da P tare, zaɓi huɗu za su fito. Yawancin mutane Duplicate suke bari, wato duk abin da ke laftof shi ke talabijin, har saƙon da ya shigo maka mutanen biki sun karanta. Kai Extend za ka zaɓa, talabijin ta zama fuska ta biyu mai zaman kanta. Sai ka danna tagar zanen, ka riƙe Windows da Shift, ka danna kibiyar dama ko ta hagu, tagar za ta tsallaka talabijin. A can za ka cika fuskar.

Sai dai Windows Media Player tana da halin ficewa daga cikakkiyar fuska da zarar ka taɓa wani abu a ɗaya fuskar, kuma a tsakiyar biki wannan abin kunya ne. A VLC akwai gurbin Fullscreen Video Device a sashen Video na Preferences, inda za ka nuna mata talabijin kai tsaye. Amma shawarata ita ce Winamp. Tsohuwa ce, tun 1997 take, amma tana ɗauke da MilkDrop, wanda Ryan Geiss ya ƙirƙira a 2001, kuma har yau ban ga zanen sautin da ya kama ƙafarsa ba. Ctrl da Shift da K ne ke tayar da shi, dannawa biyu a kansa ta cika fuska. Dogon maɓallin tazara yana sauya salo, Scroll Lock kuma yana tsayar da shi a kan salon da ya yi maka.

Ka lura, zanen sautin da ke cikin manhaja yana bin waƙar da ita wannan manhajar ke kunnawa ne kawai. In da wata manhajar haɗa kiɗa kake aiki, Winamp ba za ta ji ta ba, zanen zai yi ta yawonsa bai san ana biki ba. A nan sai ka nemi projectM, wanda aka gina a kan tsarin MilkDrop, shi yana iya sauraron sautin da ke fita daga kwamfuta.

In gefen hoton ya yanke a talabijin, laifin saitinta ne: a LG ka nemi Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen. Ka kuma duba alamar sauti, domin da zarar an sa HDMI sauti kan gudu ya koma talabijin ya bar manyan sifikunka shiru. Sannan ka guji salon da ke walƙiya da sauri. Irin wannan haske yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu, kuma ba ka san wanda ke cikin taro ba.

Tambaya: Malam, na sauke manhajar zanen sauti a wayata ta Android, sai ta nemi izinin amfani da makirfo. Ba leƙen asiri ba ne kuwa?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma a nan akwai dalili. Android ta ɗauki karanta sautin da ke fita daga waya a matsayin naɗar sauti, don haka manhajar da ke son zana waƙar da wata manhaja ke kunnawa dole ta nemi wannan izini. In aka hana ta, zanen zai tsaya cak. Ki ba ta izinin lokacin da kike amfani da ita kawai. Amma in ta zarce tana neman lambobin mutanenki ko saƙonninki, goge ta, ba ruwan zane da su.

Poweramp tana da zane a cikinta mai cika fuska, sai dai ta kuɗi ce bayan kwanakin gwaji. Avee Music Player kuma tana iya mayar da sauti da zanensa su zama bidiyo, abin da ke taimakon masu ɗora karatu, waƙa ko labarai a YouTube, tunda can ba a karɓar fayil ɗin sauti zalla. Ki sani dai fuskar da ke kunne tana motsi tana shan batir sosai.

Tambaya: Zanen nawa yana cika fuska, amma sai ya riƙa tsinkewa yana tafiyar hawainiya.

Amsa: A kowace daƙiƙa manhajar tana rarraba sautin zuwa kauri da siranta, ganga a gefe, sarewa a gefe, ta sake zana hoto sau da dama. Girman fuska, girman aikin. Fara da jona laftof da wuta, domin tsarin tattalin batir yana rage mata gudu. In bai gyaru ba, shiga Device Manager ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to direban katin hoto ne ba a sa ba, wato manhajar da ke sarrafa ɓangaren da ke zana hoto a fuska, abin da ke yawan faruwa bayan an yi wa kwamfuta sabon Windows a kasuwa. Sauke shi daga shafin Intel, AMD ko Nvidia, gwargwadon wanda ke cikin kwamfutarka, ka kashe ta ka kunna, sannan ka sake gwadawa.