Me Ya Sa Ake Juye Giyar Inabi Cikin Wani Gilashi?

Tambaya: Ina karatun aikin otal a Faransa, kuma ko da yake ba na shan giya, za a tambaye ni wannan a jarrabawa. Me ya sa ake juye giyar inabi daga kwalba zuwa babban gilashi kafin a ba baƙi?

Amsa: Babban dalili shi ne laka. Jar giyar da ta shekara 10 ko fiye, irin ta yankin Bordo na Faransa ko ta Fotugal, takan tara laka mai ɗaci, don haka ake tsayar da kwalbar kwana guda domin lakar ta kwanta, sannan a riƙa tsiyayawa a hankali ana haska wuyan kwalbar da kyandir, a dakata da zarar lakar ta iso wurin.

Dalili na biyu shi ne iska, wadda ake ganin tana rage baurin sabuwar giya, irin baurin goro, ta kuma fito da ƙamshinta. Masana sun saɓa a nan, domin masanin giyar inabi ɗan Faransa Émile Peynaud ya soki juyewa saboda iska kawai. A ganina ki riƙe batun laka da kyau, ki kuma sani cewa tsohuwar giya ƙamshinta yakan gudu da sauri, don haka dab da sha ake juye ta.