Ku Tambayi Anti: Hajiya ta ce ba za a kai mata jikoki gidan gumaka ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ina zaune a Jidda da maigidana da yara uku da Hajiyarsa. Ya samu ijaza, wato hutu, a wurin aiki yace zai kaimu Masar, ni kuma tun ina makaranta nake burin ganin tsofaffin ɗakunan bautar Fir'aunan nan na Luksor. Toh da Hajiya taji sai tace atafau ba za a kai mata jikoki gidan gumaka ba, wai Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin waɗanda aka halaka, in Masar ce a je Azhar a je masallacin Sayyidina Husaini a dawo. Shi kuma ya rasa bayan wa zai bi. Dan Allah laifi ne zuwa? In ba laifi bane me ya kamata mu sani? Daga ƙanwarki a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki daina ganin kamar Hajiya rigima take nema, maganarta tana da tushe. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar, lokacin tafiyar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira da aka biyo ta Hijir garin Samudawa, Annabi (SAW) yace kada a shiga wurin waɗannan da aka yi wa azaba sai dai ana kuka, ya rufe kansa ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. Hijir ɗin ma ai nan Saudiyya take kusa da garin Al-Ula.

Inda malamai suka rabu shine, hukuncin ya tsaya kan wurin da azaba ta sauka ne ko ya haɗa duk kufan kafiran da. Wasu malaman nan Saudiyya sun tsaurara, basa son a je irin wuraren don shaƙatawa. Hukumar fatawa ta Masar kuma tana ganin halas ne in don ilimi da wa'aztuwa aka je, suna kafa hujja da ayoyin da suka ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen na gabanku ya kasance, kamar aya ta 42 a Suratur Rum. Kuma Fir'aunan Annabi Musa a teku ya nutse, ba a Luksor ba. Ni dai na fi karkata ga a je, amma fatawa aikin malamai ce, kuma malamin da Hajiya ta yarda da shi zaku tambaya, shi maigidan ya kira shi a gabanta a saka waya a sifika. Ke ki ja bakinki ki yi shiru, magana ce tsakanin uwa da ɗanta, in suruka ta fara jawo aya ko da gaskiyarta rashin kunya za a kira shi.

Ga abin da zai iya sanyaya mata rai. A cikin ɗakin bautar Luksor ɗin kansa akwai masallaci, na Shehu Abul Hajjaj, an gina shi a kan ginin Fir'aunan tun ɗaruruwan shekaru lokacin da ƙasa ta binne rabin wurin, da aka zo aka kwashe ƙasar sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama a jikin bango, kina tsaye a ƙasa kina ɗaga kai kina kallon ƙofar da babu matakala. Har yau ana sallah a ciki, kina tsakiyar gumakan Fir'auna Ramsis na biyu zaki ji kiran sallar magariba a saman kanki.

Yanzu batun tafiyar. Kada ki yarda a kaiku a hutun bazara wai ai mun saba da zafin Jidda, na can busasshe ne, yana haura digiri 40 kuma dutse ke mayar miki da shi a fuska, inuwar kirki babu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shine lokaci. Daga Alƙahira jirgin sama awa ɗaya ne, jirgin ƙasa kuwa wajen awa 10, da yara uku kinsan wanda zaki zaɓa in aljihu ya yarda.

Karnak, babban ɗakin bautar da ke arewacin garin Luksor, zaku fara zuwa, da sassafe kafin manyan motocin turawa su iso. Wuri ne da aka kwashe kusan shekara 2,000 ana ƙara masa gini, kowane sarki yazo ya ɗora nasa. Babban zauren yana da ginshiƙai 134, na tsakiya sun kai wajen mita 21, ke da maigidan da yaran duka ku riƙe hannu ba lallai ku zagaye guda ɗaya ba. Ki ɗaga kai ki duba ƙarƙashin duwatsun saman inda rana bata taɓawa, fentin shuɗi da ja yana nan bayan sama da shekara 3,000, abin da gidan haya a Jidda ba ya yin shekara biyar bai kwaɓe ba. Daga nan akwai titin gumaka mai tsawon kilomita 2.7 da ya haɗa Karnak da ɗakin bautar Luksor, an sake buɗe shi a 2021, amma da ƙananan yara ku hau mota kawai.

Tsallaken Nilu ta yamma nan ne Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, da ginin sarauniya Hatshebsut a gindin dutse. Kaburburan gangara ne da cunkoso da zafi, ƙaramin cikin yaran zai iya tsorata. Ɗakin bautar Abu Simbel kuma, can kudancin Masar, sai in kwanakin sun isa, awa 3 da wani abu ne a mota daga garin Aswan, shine wanda aka yanka gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 saboda ruwan madatsar Aswan zai cinye shi. In ɗan jagora ya rantse miki cewa Ramsis na biyu shine Fir'aunan Annabi Musa kada ki ɗauka ki koya wa yara, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. A Karnak akwai gunkin buzuzu kusa da tafkin, zaki ga mutane suna zagaye shi wai don samun sa'a ko miji ko haihuwa, ɗan jagora ma da dariya zai ce ku gwada. Ko da wasa kada yaran su shiga layin. Wannan kam in Hajiya ta gani a hoto ta gama cin ku da yaƙi, kuma da gaskiyarta.

Masu keken doki da masu kwale-kwale ku gama ciniki kafin ku hau, a fayyace fam ɗin Masar ne kuma na kowa da kowa ne, ba kan mutum ɗaya ba. Wanda yace zo in nuna miki wani lungu bakshish, wato ɗan na goro, yake jira, ku riƙe canji. Tikitin shiga yawanci da katin banki ake biya yanzu, maigidan ya tabbatar nasa yana aiki a waje.

In bayan duk wannan Hajiya tace ita dai a'a, kada a ja ta dole, ta zauna a otal ko wurin ƴan uwa a Alƙahira ta sha ziyararta, ku nemi izininta kan manyan yaran. Sannan tun kafin a yanki tikitin jirgi ku leƙa ƙaramin ofishin jakadancin Masar na nan Jidda kan biza, don sharaɗin ya danganta da fasfon da kuke riƙe da shi, ku kuma duba igamar kowa, wato takardar zama, har ta Hajiya da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, a manhajar gwamnati ta Absher, kwanakin su wuce ranar dawowarku da ɗan rata.