Amsa ga ƙanenmu na Yamai kan ƙananan motocin harhaɗawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau Allah ya ba ni zama. Ka ce wani ɗan uwanka ya kawo maka kwalin ƙaramar motar harhaɗawa daga Faransa, ka haɗa ta, ka fesa mata fenti a tsakar gida, da ta bushe jikinta ya yi kaushi kamar bangon laka, gilashinta kuma ya yi hazo. Kana son sanin abin da ya jawo, da kayan aikin da za ka nema a Yamai, da motar da za ka sa a kawo maka ta biyu.

Kada ranka ya ɓaci. Duk abin da ka lissafa, sai da na yi shi a motata ta farko, har da ƙari.

Ni a Tawa nake, a nan aka haife ni. Da karan dawa muka fara ƙera motocin wasa, muna fere shi da reza, mu yanka tsohon silifa mu yi tayoyi. Daga baya muka koma waya da gwangwanin madara. A watan Janairun 1990 motocin tseren Pari-Dakar suka sauko daga Agadas suka biyo ta garinmu za su Yamai, kuma a cikinsu akwai Peugeot 405 mai launin rawaya, wadda Ari Vatanen ya ci tseren da ita a shekarar. Na gan ta da idona, ta sha ƙura har rubutun jikinta da ƙyar ake karantawa. Shekaru da yawa bayan haka wani yayana da ke ci-rani ya kawo mini kwalin wannan motar na kamfanin Tamiya na Japan, ma'aunin 1/24, wato an rage girmanta sau 24. Na zauna na haɗa ta cikin kwana biyu, don ɗoki. Abin da ya fito, ko ni da na yi ban so a gani ba.

Bari mu fara da gilashi, shi ya fi sauƙin bayani. Na san da wane gam ka liƙa shi: ɗan ƙaramin nan mai kama yatsa nan take, wanda ake sayarwa a kowane tebur. Yayin da yake bushewa yana fitar da tururi, tururin nan ne ke zama fari a jikin roba mai haske. Gilashi da fitilu, farin gam na kafintoci ake sa musu, a ɗebo da tsinken sakace, ɗigo biyu ko uku. Idan ya bushe ba a ganinsa, idan ya fita gefe ka goge da jiƙaƙƙen auduga. Sauran jikin motar kuwa gam ɗinsa daban ne, wanda ke narka fuskar robar kaɗan har ɓangarorin biyu su zama abu guda. Shi ne abin da za ka roƙa a haɗo maka da kwalin, domin da wuya ka same shi a kasuwa. Kwalba ɗaya ta kai ka mota biyar ko fiye, in dai kana rufe ta da kyau, don zafinmu na shanye shi.

Fenti kuwa, abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko ƙura, wannan ka sani. Na biyu zafi. Idan ka fesa da tsakar rana kuma ka tsaya nesa, fentin na bushewa a iska tun kafin ya sauka, sai ya zauna kamar garin rogo. Ni ba na fesawa sai bayan sallar asuba, kafin gari ya motsa, kafin a fara sharar tsakar gida. Na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki tun da dare. Ina da ƙaton kwali da na kwantar a gefensa, a ciki nake fesawa, tazarar gwangwanin da motar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Hannu na wucewa ne, ba ya tsayawa. Shafa uku marasa kauri, da minti goma sha biyar a tsakani, sun fi shafa ɗaya mai kauri. Da na gama sai in kife mata babbar robar abinci mai murfi, in bar ta kwana uku ban leƙa ba. Lokacin hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, ba na ma farawa. Bayan an yi ruwa da dare a damina, washegari ƙura ta kwanta, amma ka bari hantsi ya ɗan ɗaga, don danshi ma na sa fenti mai sheƙi ya dushe.

Wani kuskure da ba ka yi ba tukuna, kuma ina roƙonka kada ka yi: diluwan, wato ruwan sirka fenti, na masu fentin mota. Na taɓa karɓo ragowar fenti a wani gareji, mai gidan ya sirka mini da nasa diluwan, na shafa kai tsaye a kan roba. Ina kallo murfin inji ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Wannan ruwan na cin robar da ake yin motocin nan da ita. Fentin gwangwani na fesawa, wanda muke cewa bom, ana iya aiki da shi, amma sai ka fara shimfiɗa fentin share fage, wanda ake sawa kafin mai launi, ba da kauri ba, ka bari ya bushe sosai. Kuma kowane sabon fenti ka gwada shi a kan sandunan robar da ka ciro ɓangarorin daga jikinsu. Kada ka zubar da waɗannan sandunan. Idan ka gasa ɗaya a kan kyandir ka ja a hankali, yana miƙewa ya zama siriri kamar gashi, da shi nake eriyar rediyo.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi ba. Abin yanke farce mai kaifi, reza, hantsakin cire gira da za ka aro a wajen uwargida in ta yarda, tsinken sakace, da samfefa ta ruwa lamba 400, 800 da 1200, in ka samu 2000 ka haɗa. Masu sayar da fentin mota a Katako za ka tambaya. Mastik ɗin da suke cike lotsawar mota da shi ma yana aiki, ɗan kaɗan. Injin fesa fenti na hannu, bar shi sai ka yi mota biyar. Na ga waɗanda suka fara da sayensa, yana nan cikin kwalinsa har yau.

Yanzu ga abin da na fi son ka ji, don shi ya ɗauke ni shekaru kafin na gane.

Da na gyara hannuna, na yi motoci huɗu masu sheƙi kamar a shagon sayar da sababbi. Duk wanda ya shigo sai ya ce, kai, ta yi kyau, a ina ka saya? Wannan tambayar ta dame ni. Wata guda ina aiki, a ce a ina na saya. Sai na lura babu wanda ya taɓa ganin mota mai irin wannan tsabta a hanyar Abalak. Motar da muka sani tana da ja-jan ƙura a bayan taya, da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, da maƙerin unguwa ya haɗa, da ƙofa ɗaya da launinta ya saɓa da sauran. Daga ranar na daina kallon hoton da ke kan kwali, na koma tasha da abin awo a aljihu.

Lissafin ba wuya. Ma'aunin 1/24 na nufin duk abin da ka auna a babbar mota ka raba shi gida 24. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna tun 1975, tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. A 1/24 ta zama santimita 18 da 'yan kai, a 1/43 santimita 10 da ɗoriya. Mutum mai tsawon mita 1.70 ya koma santimita 7. Bututun ƙarfen kariya mai kaurin santimita biyu da rabi ya koma waya mai milimita ɗaya. Igiyar ɗaure kaya mai kaurin santimita ɗaya ba ta kai rabin milimita ba, wato zaren ɗinki mai ɗan kauri. A nan mutane ke faɗuwa. Za ka ga aiki mai kyau, amma an ɗaure kayan da zaren buhu, wanda in ka mayar da shi girman gaske ya fi igiyar ɗaure kaya kauri nesa ba kusa ba. Ido na gane wannan ko da mai kallon bai san dalili ba.

Wadda na fi alfahari da ita Land Cruiser 80 ce ta Tamiya, irin waɗanda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. Na mayar da ita motar daji. Kariyar na yi ta da wayar tagulla da na fere daga tsohuwar wayar lantarki, na haɗa da dalma. Bidon ruwa mai lita 25, na auna namu na gida, na sassaƙa shida daga guntun roba, kowane bai kai santimita biyu ba, na shafa musu rawaya, biyu na naɗe su da ƙyalle kamar yadda direbobi ke naɗe su da buhu don ruwa ya yi sanyi. Tamfol ɗin takardar goge hanci ce, na jiƙa ta da farin gam da aka sirka da ruwa, na shimfiɗa a kan kayan tun tana da laushi, ta bi siffarsu, ta bushe a yamutse. Tabarma na naɗe ta daga ɗan yankin ƙyalle mai saƙa a fili. Har buta na yi, na rataya a baya, ita kaɗai ta ci mini yamma biyu.

Sai ƙura. Na farko da na gwada, rairayin ƙofar gida na ɗiba na barbaɗa. Motar ta fito kamar an jefe ta da tsakuwa. Dalili, ƙwayar rairayi mai milimita ɗaya, a wannan ma'aunin dutse ne mai santimita biyu da rabi. Abin da ya yi aiki shi ne jan ƙasa da na daka a turmi, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da tsohon mayafi har ta yi laushin kwalli. Na shafa da busasshen buroshi, ba ko'ina ba. Je ka tsaya bayan motar da ta shigo daga Agadas ka duba: ƙurar ta fi taruwa a ƙofar baya, da cikin kaskon taya, da ƙasan ƙofofi. Gilashin gaba yana da wuri mai tsabta inda abin goge ruwa ya bi, don haka na yanka takarda mai wannan siffar na rufe kafin in sa ƙurar. Kusa da marfin tanki akwai baƙin tabo inda gazuwal ya zuba ƙura ta kama. Wajen hannun ƙofar direba kuma ya goge. Da na gama na fesa mata abin kariya marar sheƙi, daga nesa, sau ɗaya.

Wani tsohon direba maƙwabcinmu ya shigo ya gan ta. Ya duƙa, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, wannan lodin ya yi wa baya nauyi, ya kamata gindinta ya zauna. Gaskiyarsa. Na ɓalle ƙafafun baya na rage milimita biyu. Bai tambaye ni inda na saya ba.

Game da wadda za a kawo maka: ka tsaya a 1/24, don 1/43 ta yi ƙanƙanta ga mai koyo. Ka zaɓi motar da za ka iya zuwa ka taɓa irinta a Yamai. Tamiya ɓangarorinsu na shiga juna ba faɗa, shi ya sa nake ba mai farawa shawararsu. Heller na Faransa suna da Renault 4 da Citroën 2CV, amma suna son haƙuri da samfefa. Ka sa a duba maka gefen da sitiyari yake, don da yawa daga na Japan a dama yake, mu kuwa namu a hagu. In kwalin bai samu ba, ƙananan motocin ƙarfe na Majorette ko Norev da ake samu cikin kayan gwanjo ma abin koyo ne: ka kwance, ka kankare fentin, ka sake.

Ka gaya wa mai kawowa ya sa kwalin cikin jakar hannunsa. An taɓa aiko mini ɗaya daga Yamai a watan Afrilu, aka ɗora shi saman mota cikin kaya, ya yini a rana ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Da na buɗe, rufin motar ya karkace. Na tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, na miƙe shi da hannu a hankali, na tsoma a na sanyi. Ya dawo, amma ba duka ba. Idan ya iso, ka ware tayoyin a leda daban, don in suka daɗe manne da roba cikin zafi suna cin ta. Takardar tambarin da ake jiƙawa a liƙa, ka sa ta tsakiyar littafi, zafi na sa ta farfashe a ruwa. Kwalin kuma kada ya kwana a ƙasa. Gara ta cinye mini takardar bayani guda, sai da hotuna na ƙarasa motar.

Wadda ka ɓata kada ka yar. Ka bar fentin ya yi mako, ka goge da samfefa 800 cikin ruwa, sannan 1200, ka sake fesawa da asuba. Gilashin ka gwada man goge baki da auduga, kana murzawa a hankali, sau da yawa hazon na raguwa. In ya ƙi, to ka samu motar da za ka koyi sa ƙura a kanta. Ka ɗauko mana hotonta daga baya da kuma ta ƙasa, a hasken safe, in ga yadda ƙafafun suka zauna.