Ɗana ya yi sayayya a wasan waya da katina: cinikin ya hau kaina?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina kasuwanci a Kantin Kwari. Na taɓa saka katin bankina a Google Play, ban cire ba. Ɗana mai shekara 11 ya sauke wasan Free Fire a wayata, ya yi ta sayen lu'ulu'un wasan, wato kuɗin da ake sayayya da su a cikin wasan, har na naira 38,000. Wani ya ce in gaya wa banki sace katin aka yi. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Cinikin bai lizimce ka ba, ɗan'uwa. A mazhabar Malikiyya, yaron da ya yi wayo cinikinsa yana ƙulluwa, amma zartar da shi yana hannun waliyyinsa. Balle nan da dukiyarka ya saya ba da izininka ba, alhali aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta shar'anta yarda a fatauci. In ka so ka zartar, in ka so ka warware.

Sai dai cewa an sace kati ƙarya ce, ba ta halatta ba, ko da kuɗin haƙƙinka ne. Ga hanyar gaskiya a buɗe. Duk sayayya tana da rasit a Gmail ɗinka, da lambar ciniki mai farawa da GPA. Ka shiga tarihin sayayya na Google Play, ka zaɓi cinikin, ka nemi a mayar maka, ka faɗi cewa wani a iyalinka ne ya saya ba da izini ba. Ka hanzarta, domin a cikin awa 48 aka fi samun biyan buƙata. In lokacin ya wuce, galibi sai ka nemi kamfanin wasan da kansa. In kuɗin sun dawo, haramun ne a ci gaba da amfani da abin da aka saya, don ba a haɗa kaya da kuɗinsu a hannu guda.

Abin da ya fi damuna shi ne inda lu'ulu'un ke tafiya. Sayen riga ko makami na cikin wasa, wanda ka gani ka san farashinsa, malamai da dama sun sauƙaƙa, matuƙar wasan bai ƙunshi haram ba, bai hana salla ba, kuma ba a kai ga almubazzaranci ba. Amma akwatin sa'a da juya faifan sa'a na cikin wasa, inda za ka biya ba ka san me zai fito ba, wannan garari ne, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin jefa tsakuwa da cinikin garari. Tun 2019 Google ya wajabta wa masu wasanni bayyana yawan damar samun kowane kaya, amma sanin dama bai mayar da caca ciniki ba. Ko ƙasar Beljiyam ta sanya irin waɗannan akwatuna a babin caca a 2018.

Kai ma da naka sakacin. Ka shiga saitunan Google Play ka kunna tantancewa a kowace sayayya, kuma ka zaɓi kalmar sirrin da yaro bai sani ba. In da hali ka cire katin, ka buɗe masa nasa asusun ta Family Link, manhajar Google ta sa ido kan asusun yara. Ka duba jerin rajistar wata-wata ma, domin goge manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi, sai ka soke rajistar da hannunka.

Wallahu a'alam.