Amsa ga mai neman abin karantawa a hutun ƙarshen shekara

Ɗan'uwa, ka ce ka samu hutun mako biyu a Kano, kana neman inda za ka zauna ka yi karatu da abin da za ka karanta. To, ka nufi Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Ka je da safe, lokacin da sanyin hunturu ya hana mutane fitowa, za ka samu kujera kusa da taga. Amma ka cire ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu daga lissafinka, hutun gwamnati ne.

Shawarata, kada ka fara da littafi mai nauyi, hutu ne ba jarrabawa ba. Koma kan Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Yawancinmu a firamare muka karanta shi, dariya kawai muka sha. Da girmanka za ka ga yadda akun nan yake riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Wallahi dabarar mulki ce tsantsa. Juzu'i uku ne, zai ci maka mako guda cur.

In ka gama, ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Ƙarami ne, zama biyu ya isa, sai dai wahalar uwar da ta ratsa Sahara neman ɗanta za ta daɗe tana damunka.

Ka kashe datar wayarka kafin ka zauna. Ni dai WhatsApp ne ya cinye min hutun bara.