Gansakuka ta rufe min murjani, wane kifi zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ina da tankin kifi na ruwan gishiri mai cin lita 200, wata bakwai kenan da haɗa shi, akwai murjani masu laushi guda biyar da ƙananan kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari. To tun watan jiya wata koriyar gansakuka mai kama da gashi ta fito a kan duwatsun, in na tuge yau kafin sati ta dawo, har ɗaya daga cikin murjanin ya daina buɗewa. Mai shago ya ce in sayi yalo tang zai share min ita tas, amma kuɗin ba kaɗan ba ne. In saya? Daga mai karatu a Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka sayi yalo tang ɗin nan, ba don ba ya cin gansakuka ba, yana ci sosai, matsalar tankinka ne ya yi mishi kaɗan. Kifi ne da yake kai santimita 20 kuma wuni yake yana iyo yana kiwo, masu kiwonshi da yawa ba sa saka shi a abin da bai kai wajen lita 400 ba, in ka matse shi a lita 200 sai ya zama mafaɗaci ya dinga bin sauran yana yankarsu da wata ƙaya mai kaifi da ke gindin wutsiyarshi, ga shi da saurin kamuwa da ciwon fararen ɗigo. Tsadar kuma akwai dalili, a da yawancinsu daga Hawayi ake kamowa, a 2021 kotu ta dakatar da kamun a can sai farashi ya haura. Na tausaya wa kifayen nan da yawa da na gani a ƙananan tankuna sun rame launinsu ya koɗe.

Wanda ya dace da kai shi ne bileni, wanda a shago suke ce wa lonmowa bileni, sunanshi na kimiyya Salarias fasciatus in za ka yi oda. Ba ya wuce santimita 14, launin dutse ne da shi, ba shi da wani kyau na a zo a gani amma ma'aikaci ne, za ka ga sawun bakinshi a jikin gilashi inda ya kankare. Guda ɗaya tak za ka saka don biyu faɗa suke. Sai dai ka san wani abu, gajeriyar gansakuka yake so, wannan da ta yi tsawo kamar gashi kallonta kawai zai yi, sai ka tuge ta da hannu ka goge dutsen da sabon buroshin haƙori, shi kuma ya hana ta sake tasowa. Kuma kafin ka biya ka duba cikinshi, in ya shafe bar shi, ka ce mai shago ya ba shi abinci a gabanka. Yunwa ce ke kashe da yawansu bayan sun cinye abin da ke tankin, don haka ka saba mishi da nori, busasshen ganyen tekun nan da ake naɗe sushi da shi, marar gishiri marar mai, ka maƙala a gilashi.

Ni a tanki irin naka ma na fi dogara da katantanwa a kan kifi. Nemi Trochus kamar shida zuwa takwas, suna jure ɗumi kuma in sun kife suna iya juyawa da kansu. Ƙara bushiyar teku, wata dunƙulalliyar halittar ruwa mai ƙayoyi, guda ɗaya ƙarama, tana cin mai gashin nan, illa dai takan ɗauki ƙananan murjani da ba a manne ba ta yi yawo da su a ka. Kar ka raina aikinta, a 1983 wata cuta ta kashe kusan duka bushiyoyin teku masu dogayen ƙayoyi a tekun Karebiyan, a Jamaika da an riga an kame kifaye masu cin ganye, gansakuka ta haye murjani ta rufe.

Yanzu abin da ba ka faɗa min ba kuma shi na fi son ji, wane ruwa kake haɗa gishirinka da shi? In na famfo ne ko na bohal to kusan nan matsalar take, don suna iya zuwa da fosfet da naitiret, takin gansakuka kenan. Sai ruwan da aka tace da injin RO/DI. Sayi abin gwaji, fosfet ya tsaya tsakanin 0.03 da 0.1 a ma'aunin ppm, ka rage abinci, ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk sati, fitila awa takwas ta isa, in hasken taga na dukan tankin sa labule. Sabon kifi kuma ka killace shi a wani tanki daban wajen sati huɗu, saboda maganin fararen ɗigo na jan ƙarfe ne, in ya shiga babban tanki murjani da katantanwa duk za su mutu.

TAMBAYA: Malam ni a Jidda nake, tankina lita 500 ne, wata ja-ja mai yauƙi ce ta shimfiɗu a kan yashi. In sa sohal tang tunda na Bahar Maliya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya wannan jan ba gansakuka ba ce, ƙwayoyin cuta ne da ake kira sayano, kar ki sa ran wani kifi zai cinye miki shi. Ki zuƙe da tiyo lokacin canjin ruwa, ki ƙara famfon da ke kaɗa ruwa ya dinga bugun wajen. Sohal kam a'a, yana kai santimita 40 kuma cikin tang kaf da wuya a samu wanda ya kai shi faɗa. In kifi mai cin gansakuka kike so a lita 500 ki nemi kole tang ko tomini, bakinsu kamar buroshi ne suna share dattin kan dutse, ko kuma fosfes mai ruwan ɗorawa, Siganus vulpinus. Shi wannan ƙayoyin bayanshi na da dafi, ki kula in za ki sa hannu a tanki, in ya soke ki tsoma wajen a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, in zogin bai lafa ba ki je asibiti.